Yula a Kan Kabari

Daga Filista 'yar Kafisiyas, a Tespiya, zuwa ga Melantos masassaƙin dutse, a Atina.

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kana lafiya.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙata bayan shekara talatin da ɗaya, don haka ba zan ja zance ba. Dutsen kabari nake so, kuma daga hannunka nake son sa. Ka sassaƙa mini Eros, ubangijin soyayya, yadda ake yi wa matattu: a tsaye, ya harɗe ƙafafu, ya sunkuyar da kai, ya kifa yularsa, sandar nan mai wuta a kai, ƙasa wutar tana mutuwa. Kada ka yi mini jaririn nan mai kumatu da Romawa ke kira Kupido. Saurayi nake so, mai hankali a fuska.

Muna da masassaƙa a garin nan, amma ka san aikinsu. Wanda suka yi wa maƙwabciyata, fukafukansa kamar na kazar da ruwa ya daka.

Kabarin na gidanmu ne. Ina so dutsen ya iso kafin a gama tsinkar zaitun. Firos mai alfadarai, da ya kawo maka wannan, shi zai dawo mini da amsa.

Ka huta lafiya.

*

Daga Melantos zuwa ga Filista.

Gaisuwa mai yawa. Sau huɗu na karanta wasiƙarki kafin na yarda daga gare ki take. Rubutunki ya canza, ya yi gwara-gwara kamar na mai riƙon garma.

Na tambayi Firos wa ya mutu a gidanku. Ya ce, "Ba a mutu ba tukuna, ana dai jinya tun bara." Na ce wa ke kwance? Ya ce, "Ni takarda aka ba ni, ba a aike ni da baki ba." Amma ni ba yaro ba ne. Eros iri biyu ake nema a wurina: mai yula sama, na ɗakin amare, da mai yula ƙasa, na kabari. Macen da ta nemi na biyun, mijinta take shirin binnewa. Gorgos ne ke nan.

Kin tuna bikin Eros na shekarar da na tafi? Muka tsaya gaban dutsen Eros na garinmu, wannan baƙin dutse da kurfin masassaƙi bai taɓa ba tun kakanni, muka zuba masa mai tare. Na ce abin kunya ne ubangiji kamar wannan ya zauna ba fuska. Kika ce, "Shi ya ce maka yana so?" Na ce zan je Atina in koyi sassaƙa shekara ɗaya, in dawo in yi masa fuska, in aure ki. Na yi shida. Na dawo na tarar da ke riƙe da ɗan Gorgos a hannu, na juya ko ruwan garin ban sha ba. Har yau ban yi aure ba.

Zan gaya miki abin kunya, tunda tsufa ya rage mini kunyar. Da na gane Gorgos ne, murna na yi. Mutumin bai taɓa yi mini komai ba, iyakar laifinsa shi ne ya zo a kan lokaci. Duk da haka murna na yi, har na saya wa Firos gasasshen kifi.

Zan yi masa dutse mai kyau. In kin gama zaman makoki, ki ba ni izini in zo.

Ki huta lafiya.

*

Daga Filista zuwa ga Melantos.

Gaisuwa. Gorgos yana nan lafiya ƙalau. Jiya ma rabin ɗan akuya ya cinye shi kaɗai, ya kuma tambaya ko da saura.

Dutsen nawa ne, Melantos. Wani ƙulli ne ya fito mini a ƙirji bara, yana ta girma. Na sha abin da likita ya ba ni, na yi hadaya inda aka ce in yi. Da na matsa masa ya gaya mini gaskiya, sai ya ce da wuya in ɗanɗana man zaitun na bana. Ina jin tsoro wani lokaci, ba zan ɓoye maka ba, amma ba kullum ba.

Ban yi fushi da murnarka ba. Dariya na yi har ciwon ya motsa. Wani da ke kusa da ni ma ya yi dariya, ko da yake tasa ba ta kai tawa tsawo ba.

Za ka ce me ya sa sai kai. Ka yi alkawarin yi wa ubangijin garinmu fuska, kuma ban taɓa sanin fuskar da ke ranka ba. Ina so in sani kafin in tafi. Kada ka zo. Wadda ka sani ba ta nan, kuma na fi so ka riƙe waccan.

Ka huta lafiya.

*

Daga Melantos zuwa ga Filista.

Gaisuwa. Kwana uku ban ɗauki guduma ba bayan wasiƙarki. A na huɗu na fara.

Na gama fuskar, na gama fukafukan, na gama ƙafafun. Matar wani Barome ta shigo rumfata ta gan shi, ta ce, "Tsoho, wannan Kupidon naka me ya hana shi dariya? Sa masa baka da kibiya in kai shi lambuna." Na ce, "Uwargida, wannan ba na lambu ba ne." Ta ce ai mu Girkawa komai sai mun sa masa baƙin ciki.

Saura hannun dama da yula, dutsen wurin yana nan ban taɓa shi ba. Na kifa yula ta fi ɗari biyu a rayuwata, ina yi ina fito, ban taɓa jin komai ba. Wannan na kasa. Muddin ban gama ba, ba ki da dutse, kuma na san ki, ba kya fita ko'ina sai kin shirya tsaf. Ki ba ni zuwa bazara.

Ki huta lafiya, ki kuma ci abinci.

*

Daga Filista zuwa ga Melantos.

Gaisuwa. Ka sake yi ke nan. Wancan karon ina da shekarun jira, na jira uku cif, kullum ina tambayar masu alfadarai labarin Atina. Babu wanda ya tilasta mini auren Gorgos, ni na gaji, shi kuma yana nan, kuma ya riƙe ni da mutunci. Wannan karon ba ni da ko wata uku.

An fara tsinka a gangaren yamma, ina jin sandunan masu kaɗa rassa daga inda nake kwance. Ko ka gama ko ba ka gama ba, tafiya zan yi. Abin da ya rage a hannunka shi ne in taɓa aikinka, ko kuwa a ɗora mini kazar maƙwabciyata. Ka ɗauki kurfinka.

Ka huta lafiya.

*

Daga Melantos zuwa ga Filista.

Gaisuwa. Ga shi nan a amalanken Firos, na naɗe shi da ciyawa. Na yi iyakar abin da hannuna ya yarda ya yi. Ki yafe mini, na da da na yanzu.

Ki huta lafiya.

*

Daga Gorgos ɗan Mondon, manomi a Tespiya, zuwa ga Melantos.

Gaisuwa. Mun binne Filista kwana tara ke nan.

Idanunta sun daina gani tun farkon ciwon. Ni nake karanta mata wasiƙunka, ni nake rubuta abin da ta faɗa. Rubutun mai riƙon garma da ka gani, nawa ne. Ina fata kifin ya yi wa Firos daɗi.

Dutsen ya same ta da rai. Muka shigo da shi har bakin gadonta, ta bi fuskar da yatsu ta daɗe, ta ce, "Ashe haka yake." Sai ta kai hannu ƙasa tana neman wutar, ba ta same ta ba. Ta bi sandar zuwa sama har ta kai ga harshen wutar. Ta ce, "Gorgos, wannan mutum ba ya jin magana." Na ce ai kin sani.

Mutanen gari sun ce tsufa ya kama ka, ka aiko da yular amare a kan kabari. Ɗanmu ya so a kira masassaƙi ya gyara. Ita ta ce a bar shi, ni ma na ce a bar shi. Na san da kai tun ranar da na aure ta, kuma ni ma a wurina wutar ba ta mutu ba.

Man bana ya fito. Ka zo mu zuba mata tare, kada ka ce sai baɗi.

Ka huta lafiya.