Na Ɗora Wa 'Yata Unguwar Da Ba Ta Sani Ba

Assalamu alaikum Hajiya. Don Allah ki agaza mini da shawara kafin Asabar mai zuwa, na rasa wanda zan faɗa wa maganar nan.

Shekara ashirin da shida ke nan da na zo Kuala Lumpur karatun digiri na uku. Ban gama ba, kuma ba zan shiga dalili ba. Waɗanda nake gyara wa rubutu a lokacin yau farfesoshi ne, ni kuwa ina unguwar Sentul ina koya wa 'ya'yan mutane Turanci a falo. Na auri 'yar ƙasar nan, muna da 'ya ɗaya, Walida. Taron Hausawa na daina zuwa tuntuni, don na gaji da a tambaye ni ɗan gidan wa ne kafin a ba ni kujera.

Bana Walida ta shiga kwaleji a Sri Petaling, ta nace sai ta shiga ƙungiyar ɗalibai mata Hausawa. Al'adarsu, sabuwar shiga za ta miƙe ta faɗi garinsu da unguwarsu, sai a haɗa ta da yaya 'yar jiharsu mai kula da ita. Wadda ba ta da jiha ba ta da yaya. Walida a nan aka haife ta, Najeriya sau ɗaya ta je, tana goye. Na san halin mutanenmu, sai na sa ta ce ita 'yar Gwale ce a Kano, unguwar da na tashi. Kwana uku ina yi mata bita kamar mai shirin jarrabawa: layinmu, masallacin, durumin da ke bakin layi. Na manta Gwalen da ke kaina ta shekaru aru-aru ce. A taron aka samu wata Halimatu 'yar unguwar, ta shiga tambaya don murna. Ashe an sare durumin tun suna ƙanana, an jera shaguna. Aka yi dariya. Mako uku in na yi wa yarinyar nan Hausa sai ta amsa da Malayanci.

Na rubuta wa ƙungiyar wasiƙa shafi huɗu mai zafi. Alhamdu lillahi da ban aika ba. Shugabarsu Azumi, wadda ashe 'yar Maraɗi ce da aka cusa cikin Katsinawa shekara biyu, ita ta tayar da maganar. Suka yi gardama, wasu suka yi fushi, amma aka sauya: yanzu kowa ta faɗi inda take kira gida, yaya kuma wadda kuka fi kusa da masauki. Walida ta sake miƙewa ta ce Sentul. Halimatu da kanta ta roƙi a ba ta ita. Hajiya, ranar na ci abinci har da ƙari.

To ga matsalar. Asabar za su yi walima da iyaye, Walida da uwarta za su kai nasi lemak, shinkafar kwakwa ta 'yan ƙasar nan. Walida ta ajiye mini katin gayyata a kan tebur. Ban ba ta haƙuri ba har yau. Kuma zuciyata tana raya mini tausayi ne kawai, gobe za su koma halinsu. In je, ko in bar ta da farin cikinta?

Tsohon ɗalibi, Sentul

Amsa

Wa alaikumus salam Malam. Barka da ba ka aika wasiƙar nan ba. Yaga ta yau.

Tsoronka yana da tushe. Ka sha tambayar da ta ƙona ka, ka so ka kare 'yarka daga gare ta. Su ma yaran ba don mugunta suka kafa al'adar ba, baƙuwa a ƙasar wani tana samun natsuwa da 'yar garinsu. Kuskurensu shi ne mantawa da wadda ba ta shiga lissafin jihohi. Sun gane, sun gyara cikin mako uku. Naka kuskuren shi ne ka nuna wa Walida cewa gaskiyarta abin ɓoyewa ce, kuma kai ba ka gyara ba tukuna.

Ko za su koma halinsu, ni ma ban sani ba. Amma taron Hausawan da ya ba ka haushi na wasu ne, na wani zamani. Kada ka ɗora wa Azumi laifin abokan karatunka.

Kafin Asabar ka zaunar da Walida, ka ce ka yi kuskure. Gajeriyar magana, ba lacca ba, da duk yaren da za ta amsa. Ka ba ta labarin durumin nan a matsayin naka, ba nata ba. Katin da ta ajiye ba tausayi ba ne, hanya ta buɗe maka.

Ranar walima ka ɗauki tukunyar da hannunka. Za a tambaye ka ɗan gidan wa ne, na sani. Ka ce kai ne baban Walida ta Sentul. Allah ya daidaita tsakaninku, ya albarkaci yaran nan duka.