Wanda Inna Ta Shayar

Zango, Damagaram, Mayu 1960

Zuwa ga Yaya Mustafa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da ɓerayenka na Dakar. Mun ji an karanta bincikenka har a Faransa. Baba ya baza labarin a duk Zango, sai dai ya kasa bayanin yadda ɗansa likita ya koma koya wa ɓera hanya, wai don ya gano yadda kai yake riƙe abu da yadda yake mantawa.

Yaya, hankalina a tashe yake. Ka san an sa aurena da Illa bayan bikin 'yancin kai. To, Gwaggo Shatu ta zo daga Gaffati da wata magana. Wai shekarar da aka haife ka, Wasila uwar Illa ta kwanta ciwon agana, aka riƙa kai jaririnta wurin masu goyo, kuma tana zaton har da Inna a masu ba shi nono. Liman ya ce in haka ne, ko sau ɗaya ya sha, ni da Illa 'yan'uwa ne, babu aure.

Wasila ta rasu, Baba yana wurin fatauci a lokacin. Inna kaɗai ta sani, Innar da yanzu take zuba gishiri a miya ta sake zubawa, take tambayata ko ni baƙuwa ce. Don Allah ka faɗa mini yadda zan yi.

Ƙanwarka,
Lubabatu

Zango, Yuli 1960

Yaya,

Ina gaisuwa, yaya aiki? Amsarka ta iso. Na gane abin da ka ce: tsohon abu shi ne na ƙarshen ɓacewa a ƙwaƙwalwa, kuma kada a tsare Inna da tambaya, don za ta amsa abin da ta ga ana so ne. A kai ta inda abin ya faru, a ƙyale ta.

Ka makaro kaɗan. Kowa ya shigo gidan nan sai ya durƙusa gabanta ya tambaya. Da safe ta ce i, da yamma ta ce a'a, jiya har kuka ta yi. Baba ya ce a ɗauki a'a ɗin a wuce wurin. Wallahi na so haka. Illa ne ya ƙi, ya ce ba zai iya zama da ni yana wasuwasi ba. Na ji haushinsa, na kuma ƙara son sa.

Abinci ba ya shiga mini. Gobe za mu hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Gaffati inda aka haife ka, ni da Inna. Ka sa ni a addu'a, amma kar ka tambaye ni wace amsa nake roƙo.

Taka,
Lubabatu

Zango, Agusta 1960

Yaya Mustafa,

Ina fatan kana lafiya. Gari ya cika da kiɗa da sabuwar tuta, ni ko ƙofar gida ban leƙa ba.

A Gaffati Inna ta wuni a tsohon gidanmu ba ta gane ko bango ɗaya ba. Har na fara murna a raina. Da la'asar sai jaririn maƙwabta ya fashe da kuka. Ta miƙa hannu ta karɓe shi, ta gyara masa kwanciya a cinya kamar jiya ta sauke goyo. Tana jijjiga shi tana ce masa kada ya yi hali irin na ɗan Wasila, mai kama nono kamar za a ƙwace, har Mustafa yana shurinsa don kishi. Ta yi dariya. Rabon da in ji dariyarta tun bara.

Ba wanda ya ji sai ni. Na sake karanta wasiƙarka ina neman inda ka ce irin wannan ma kan zama ƙarya. Sai na tarar ka rubuta cewa abin da ya fito da kansa, ba a tambaya ba, shi ya fi kusa da gaskiya. Ka yafe mini, ranar na ji haushin karatunka.

Na gaya wa Illa, sannan Baba. An mayar da kayan aure. Zuciyata ba daɗi, ba zan ɓoye maka ba.

Jiya Illa ya zo gaida Inna. Ba ta gane shi ba, amma ta sa masa albarka. Da zai fita ya ce in ina rubuta maka, in gaishe masa da ɗan'uwansa.

Na isar da saƙo.

Ƙanwarku,
Lubabatu