Motar Lukman Ba Gawa Ba Ce

Jalaluddeen Shu'aibu,
Unguwar Bayan Tasha,
Yelwa-Yauri, Jihar Kebbi.

Litinin, 10 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga
Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Kanikawan Garejin Bakin Gulbi,
Alhaji Hammadu Cindo,
Yelwa-Yauri.

GAME DA: Injin motar Lukman Isa, maraya, wanda Maliki bakanike ya cire ba da izini ba, da neman a dawo da shi kafin ya buga.

Ranka ya daɗe,

Sallama irin ta Musulunci a gare ka da mutanen da Allah ya ɗora maka shugabancinsu. Ni ne wan marigayi Isa Shu'aibu, kuma ni ke riƙe da ɗansa Lukman, ɗan shekara goma sha bakwai, ɗalibin sakandare. Sana'ata sayar da ragar kamun kifi da ƙugiya. Ban yi boko mai nisa ba, ɗan abin da na sani da kaina na koya, don haka a gafarce ni idan maganata ta zo ba mayafi. Ina kawo ƙarar Maliki, bakanike a garejinku, kuma ga abin da ya faru bi da bi.

1. Motar da ake magana a kanta tsohuwar Fijo 404 ce, fara. Mahaifinmu ya saye ta 'yan shekaru bayan ruwan Kainji ya tashe mu daga tsohon ƙauyenmu. Ta faɗa cikin rabon Isa, da ya rasu ta zama ta Lukman. Ta daɗe jibge a kangon gidanmu, kaji suna ƙwai a kujerar baya, ɓeraye sun gama da wayoyinta. Yaron yana ɗan shekara goma sha biyar ya ce zai tashe ta. Na hana. Har gobe ra'ayina bai sauya ba: yaron da bai gama makaranta ba, littafi ya kamata a gani a hannunsa, ba sifana ba. Amma rashin son abu daban, halatta wa wani ya ɗauke shi daban. Motar tasa ce.

2. Ina so Mai Girma Shugaba ya san abin da wannan inji ya ci, domin Maliki yana maganarsa kamar tsinto shi aka yi a bola. Lukman ya yi dakon albasa a bakin ruwa duk ranar da babu makaranta, har fatar kafaɗarsa ta saɓule. Ya wanke jiragen ruwa. Tunkiyar da innarsa Balaraba, matar marigayi Isa, take kiwata masa tun rasuwar ubansa, ya sa an kai ta kasuwa, aka sayo fistin da ringi. Ya hau bayan tirela zuwa Kontagora neman kafireta, ya dawo da wadda ba ta dace ba, mai kayan ya ƙi karɓa, ya sake tara guminsa ya koma. Lagireton sai da aka yi masa faci har ya koma kamar rigar mahaukaci. Ruwan batir ya ƙona masa bayan hannu, tabon na nan. Ba wanda ya koya masa sai kallo a waya da tambayar tsofaffin direbobi a tasha, waɗanda wasunsu dariya suke masa, suna kiransa direban kaji. Da ya gama haɗa injin, ya shafa wa murfinsa shuɗin fenti, ragowar wanda ake shafa wa jirgin ruwa, domin shi ne abin da ya samu kyauta. Ranar Asabar, 8 ga Yuni, 2024, injin ya tashi. Ina tsaye a wurin. Ban yabe shi ba, domin ba na yabon yaro a gabansa. Innarsa ce ta shige ɗaki ta daɗe ba ta fito ba, saboda ƙarar ta tuna mata mijinta.

3. Bayan haka ne aka jawo motar zuwa garejinku, domin sauran aikin walda da gyaran bodi ba zai yiwu a gida ba. Maliki da bakinsa ya ba yaron wuri ƙarƙashin tsamiyar da ke kusa da rumfarsa, a kan sharaɗin Lukman zai riƙa wanke masa kayan inji kowace Asabar. Yaron ya cika nasa. Wanda duk ke garejin ya sha ganinsa tsugune gaban kwanon fetur yana goge-goge. Wannan ajiya ce, kuma amana ce. Ashe kura muka ba ajiyar nama.

4. Ranar Asabar, 17 ga Agusta, 2024, ruwa ya kwanta a gindin tsamiyar, kamar yadda yake yi kowace damina. Lukman ya ji tsoron tayoyin za su ruɓe cikin laka, su ne kuwa ya fi wahala kafin ya samu. Sai ya ɗaga motar da jak, ya kwance tayoyin, ya kawo su gida, ya ɗora motar kan duwatsu. Hankali ne ya yi, irin wanda ban zaci yana da shi ba. Abin da bai sani ba, ni ma ban sani ba, shi ne wai a garejinku duk motar da aka cire wa taya aka ɗora kan duwatsu, an ɗauka mai ita ya haƙura da ita. Sunanta gawa. Kowane bakanike na iya zuwa ya kwance abin da yake so. Maliki yana zaune a rumfarsa yana shan shayi lokacin da yaron ke jera duwatsun nan. Ya san ma'anarsu, ya san yaron bai sani ba, kuma bai ce masa uffan ba. Har taya shi ya yi da aron jak.

5. Daga farkon Nuwamba na hana Lukman zuwa gareji sai ya gama jarrabawar zangon karatu, kuma na aika wa Maliki da wannan saƙo. Ranar Asabar, 14 ga Disamba, yaron ya koma da sassafe. Ya buɗe gaban motar ya tarar da rami. Babu inji, babu kafireta, babu lagireto, sai wayoyi suna reto da ɗigon baƙin mai a ƙasa. Ya dawo gida bai yi kuka ba, bai kuma ci abinci ba. Ranar Litinin, 16 ga wata, na je da kaina. Ina rubuta abin da Maliki ya faɗa mini kamar yadda ya fito daga bakinsa, a gaban yaransa: "Malam, wagga mota ai ta hau duwatsu, gawa ce, gawa ko ba ta da kaya. In kana son ta'aziyya mu yi maka." Yaran suka kwashe da dariya. Na girme shi nesa ba kusa ba. Na tambaye shi inda injin yake, ya ce ya manta, wai gawarwaki sun yi yawa a garejin.

6. Bai manta ba. Ranar Juma'a, 24 ga Janairu, 2025, bayan an tashi makaranta, Lukman yana dakon albasa a bakin ruwa sai ya ji ƙarar mota tana gangarowa. Ya ajiye buhun da ke kansa tun bai ga motar ba. Ya ce mini ya gane ta da kunne, domin shi ya saita ta. A-kori-kurar Dudu ce, wanda ke jigilar busasshen kifi da albasa tsakanin Warra da Yelwa. Yaron ya roƙi Dudu ya buɗe gaban motar. Ga shuɗin fentin nan, ko gogewa ba a yi ba. Dudu bai ɓoye komai ba. Ya ce nasa injin ne ya mutu, Maliki ya sa masa wannan, ya gaya masa na wata gawa ne da ba ta da mai ita. Ba na ƙarar Dudu, shi ma cutarsa aka yi. Amma Mai Girma Shugaba ya san lodin da ake yi wa motocin Warra, ya san hanyar. Buhuna har sama, mutane a kan buhuna, kwanduna a kan mutane. Injin nan tsoho ne da aka lallaɓa aka tasa, ko gama sabawa da sababbin ringin bai yi ba. Lukman ya duba baƙin man ya ga ya yi ƙasa, ya kuma ce hayaƙin ya fara sauya launi. Kowace tafiya da motar nan ke yi, daga ran injin ake ɗiba. In ya buga, babu wani irinsa a Yauri, kuma yaron ba shi da wata tunkiyar.

7. Da na koma wa Maliki da wannan hujja, bai musa ba, bai kuma ji kunya ba. Ya ce in kwantar da hankalina, akwai wata tsohuwar mota a bayan garejin, ita ma kan duwatsu take, zai kwance nata ya ba yaron, a rufe magana. Na tambayi ta wane ce, ya ce mai ita ya daɗe bai leƙo ba. Wato ya yi sata, zai biya da wata satar, ya sa maraya ya zama mai karɓar kayan sata. Lukman ne ya riga ni ƙi. Daga nan Maliki ya yi alkawarin dawo da namu kafin ƙarshen Janairu. Yau goma ga Fabrairu. Jiya ma motar Dudu ta wuce ta ƙofar shagona tana nishi.

8. Game da wannan al'ada ta gawa, ba zan ɓoye ra'ayina ba. Na ji an ce tun zamanin iyayenku ake yin ta, kuma asalinta mai mota ne da kansa yake zuwa ya ce ya bar wa gareji. Wannan kyauta ce, ba ni da magana a kanta. Amma a wayi gari dutse ne ke yin magana a madadin mai kaya, wannan sata ce aka sa mata riga da hula. Ba a rubuta ta a bango ba, ba a gaya wa baƙo, sai ya taka sannan a yi masa dariya. Dokar da 'yan ciki kaɗai suka sani, kuma su kaɗai ke cin moriyarta, tarko ce. Ko da motar ta mutu da gaske, mamaci yana da magada. Kowa a garejinku yana sallah, kowa ya ji abin da malamai ke faɗa game da mai cin dukiyar maraya. Ba sai na maimaita ba.

Saboda haka nake roƙon Mai Girma Shugaba, cikin ladabi:

Ya sa a tsayar da motar Dudu daga ɗaukar kaya da wannan inji tun daga ranar da takardar nan ta iso hannunsa. Wannan shi ne na gaggawa, sauran na iya jiran zama.

Ya kira Maliki da Dudu da mu gabansa, a cire injin da kafireta da lagireto a idon dattawan ƙungiya, a mayar da su cikin motar Lukman. Yaron ya tsaya a kan aikin, domin ban yarda hannun Maliki ya sake taɓa su ba wanda ke kallo. In an sami ɓarna, gyaran a wuyan Maliki yake. Shi Malikin kuma ya san yadda zai yi da Dudu.

Ya sa a daina taɓa duk motar da ke kan duwatsu sai mai ita ya faɗa da bakinsa, gaban shaidu, cewa ya bari.

Na kawo maganar gabanka ne kafin kowa, domin ba na son a ce na tsallake shugaban mutum na kai shi gaban alƙali. Amma idan Litinin mai zuwa, 17 ga Fabrairu, ta yi ba a yi komai ba, can zan nufa, kuma zan ambaci al'adar garejin da sunanta.

Akwai abu ɗaya da ya sa na ƙi jira fiye da haka. Shekaranjiya innar Lukman ta same shi yana zuba sifanunsa cikin buhu. Ya gano inda Dudu ke ajiye motar a Warra, ya ce zai je ya kwance kayansa da hannunsa. Na karɓe buhun na kulle a ɗakina. Na gaya masa ba a karɓar haƙƙi ta bayan katanga, in aka kama shi sunansa ɓarawo, Maliki kuwa sunansa bakanike. Na ce masa akwai manya a garin nan, kuma manya za su yi magana. Ya dube ni ya ce to, Baba, zai jira ya gani. Ban taɓa yi wa yaron nan ƙarya ba. Ina roƙon kada garejinku ya sa wannan ta zama ta farko.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon tsayawa kan gaskiya ko da a kan naka ne.

Naka cikin girmamawa,

Jalaluddeen Shu'aibu,
Wan mahaifin Lukman Isa, kuma mai riƙonsa.