Yunwar Injin Kamarou

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Kamarou mai yankan katako ya kawo injin sare itacensa. Ya samu aikin yankan itacen tek a wata gona can bayan gari, ga injin ya zama rago, da ya shiga gungume sai nishi. So yake in ƙara masa ƙarfi kafin ƙarshen wata. Wai abokan aikinsa sun ce ya kai Houéyiho, wurin masu na'urar nan da ke nuna gudun inji da lamba. Dariya na yi. Tun ba a haifi masu na'urar ba nake saita inji da kunne a Zongon nan na Cotonou. Na ce ya ajiye, in bai dawo ya tarar da zaki ba ya canza mini suna.

Shi ma ya koyi maganar nan ta ciki-ciki, sai da na sa ya maimaita. Mutanen yanzu ba sa buɗe baki.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na kwance injin kaf. Ƙofar da hayaƙi ke fita na faɗaɗa da ɗan magagari, ta gefe, a hankali. Samanta ban taɓa sosai ba, don in ka ɗaga ta da yawa ka samu ihu ka rasa ƙarfi. Ƙarfen da ka kankare ba ya komawa, shi ya sa ba na fara wannan aiki sai da bisimilla.

Matata Saude ta ce ta yi ta kirana har tuwo ya huce. To ai mai aiki hankalinsa na kan aiki.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na cire fakin ƙasan silinda, siririyar shimfiɗar nan da take zaune a kai, don matsi ya ƙaru, na auna tazarar kan fistin da zaren dalma, ta yi daidai. Yanzu in ka ja igiya sai ta nemi tafiya da kafaɗarka. Na kuma ɗan rage makullin faifan maganaɗisu don wuta ta riƙa zuwa da wuri, kaɗan ƙwarai. Hannuna bai tsufa ba, alhamdulillahi.

Asabar, 12 ga Oktoba

Saura saita mai a kafireto, kuma nan ne gwani ke rabuwa da ɗan koyo. Inji mai ƙoshi, in yana gudu ba itace, akwai 'yar gargada a muryarsa, sai ya shiga itace ta washe. In mai bai ishe shi ba sai ya yi wani siririn kuka. Yunwa ke nan, ita ke cinye fistin.

Na saita, na ji daidai. Muka kai shi Avotrou, wurin masu katako na bakin ruwa. Gungume na farko da na biyu kamar yana yanka gwanda. A na uku ya tsaya cak, fistin ya kama. A gaban mutane. Kamarou bai ce uffan ba, ko kuwa ya ce ban lura ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Kpayo ne ya jawo, man kwalbar nan na bakin titi. Ba wani abu ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Na samo sabon fistin da zobe ta wajen Tokpa-Hoho, silindar kuwa ta gogu. A hanyar dawowa wani ɗan zem, wato ɗan acaɓa, ya kusa kwashe ni da babur, yana ta faɗa wai tun daga nesa yake danna oda. Ƙarya yake.

Na duba bujin ran Asabar, fulogin wuta ke nan. Fari fat. Buji fari alamar yunwa ce, na fi kowa sani. Na jefa shi cikin gwangwani. Wannan karon a gidan mai zan saya.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na haɗa, na tayar a tsakar gida. Ina cikin juya sukurun mai sai na ji hannu a kafaɗata. Saude ce, da garin wake a hannu. Na kashe.

“Baban Asiya, yunwa yake ji. Irin kukan da ya yi ran Asabar kafin ku fita ke nan.”

Na tambaye ta yaushe ta zama makanike. Ta ce tun da aka kawo ta gidan nan take jin injuna ta bayan katanga, tana kuma jin bayanin da nake wa masu kawo aiki, ko tukunya ce ai ta iya yanzu. Sannan ta matso ta ɓangaren damana, ashe ta daɗe da sanin ta nan ake mini magana.

“Ba inji ne ya canza ba, ba kuma mai ba ne. Wa ke tashinka sallar asuba tun bara?”

Na yi fushi, na ƙi cin abincinta. Amma a nan zan faɗa tunda ba mai gani, tsoro nake ji. Makaniken da ba kunne, me ya rage masa?

Juma'a, 18 ga Oktoba

Kamarou ya aiko, in injin bai tashi ba zuwa Litinin zai kai Houéyiho. Ba inda za shi.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na jira Saude ta tafi kasuwa na gwada ni kaɗai. Na juya sukurun hagu, na juya dama, na kai kunne har zafin salansa na dukan fuskata. Duk iri ɗaya, kamar ruwan sama a kan kwano. Gargadar nan da na sani kamar muryar mahaifina, babu ita.

Na kashe shi don kada in sake ƙona wa mutum kaya. Na daɗe zaune a kan benci.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na ce Saude ta zo ta riƙe mini ledar sukurori, kada su zube. Ta dubi ledar, ta dube ni, ta ajiye ludayi ta zo. Allah ya saka mata.

Na tayar. Ina buɗe mai kaɗan-kaɗan, idona na kanta maimakon kan inji. Tana girgiza kai, tana girgiza kai, can sai ta ɗaga hannu. Na bar shi nan. Muka yanke tsohon kututturen mangwaron bayan gida, ya ratsa shi ba tangarɗa. Na kwance buji, launin ƙosanta sak.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Kamarou ya leƙo daga daji bayan an sauko daga masallaci, baki har kunne. Inji na ci tun safe har yamma, ko tari bai yi ba. Abokansa ma za su kawo nasu.

“Baba Idrisu, kunnenka ba na biyunsa a Cotonou.”

Saude na gefe tana tsince wake, ko kai ba ta ɗago ba. Na ce masa kunnen gidan nan dai, a faɗa daidai. Bai gane ba, na bar shi.

Yau a masallaci a sahun gaba na zauna, daf da lasifika. Don lada.

Saude ta ce ran Talata likitan kunne ke zuwa asibiti. Na ce Talata ina da aiki. Na dai ce ta goge mini farar rigar nan.