Kar Ka Sa Wa Zauren Kakanka Siminti

Zuwa ga jikana kuma maigidana, Laminu, a ƙasar Ingila.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da sanyin da ka zaɓa ka bar mu dominsa. Da hannuna nake rubuta wannan, da ajina uku na lakwal, wato makarantar boko, a inda kowa zai karanta, tunda in na kira salularka kullum kana cikin aiki.

Hotunan unguwarku sun iso. Na ga gidajen jan bulo a jere, kafaɗa da kafaɗa kamar sahun sallar Idi, kowanne da taga ta turo ciki waje. Ka ce attajirai suka gina su a zamanin wata sarauniya, lokacin da jirgin ƙasa ya iso wurin, kuma sun haura shekara ɗari. Ka ce ko taga mutum ba ya canzawa sai hukuma ta sa hannu. Madalla. Na kuma lura ɗakinka shi ne na ƙarƙashin rufi, wanda da bakinka ka ce na barori ne a da. Duk bokon nan, maigida, ɗakin barori!

To, ba wannan ya sa ni rubutu ba.

Ranar kasuwar Dungas ina tsintar wake, sai ga amalanke da buhunan siminti, kawunka Ado na biye da magina biyu. Wai kai ka aiko a shafe zauren kakanka ciki da waje, don ya daɗe kamar gidajen Turawa. Laminu, wa ka tambaya?

Ka manta katangar maƙwabcinmu Alhaji Idi? Shi ma siminti ya lafta wa jar ƙasa. Damina biyu tana sheƙi, ruwa na shiga ta tsaga yana cin ta a ɓoye. A ta uku ta zube gaba ɗaya, har ta danne ragon layyarsa.

Kakanka da hannunsa ya murza tubalin zauren nan. Azarar rufin ya tafi nema kwana huɗu da jakuna, ya dawo ƙafa a kumbure, ni na gasa masa. Zanen bakin ƙofa da cokalina na miya ya yi shi, har yau ban yafe cokalin ba. Kullum yakan ce, “Dije, ƙasa numfashi take yi, kar a toshe mata hanci.”

Gidajenku sun daɗe don an hana taɓa su. Namu yana tsaye ne don kowace shekara ana taɓa shi. Kafin ruwan fari a jiƙa makuba ta ɓawon ɗorawa, a kwaɓa ƙasa, a yi yaɓe, a gyara indararo. Kai ma ka taka kwaɓin nan da ƴan ƙafafunka, kana kuka wai tsutsa ta taɓa ka.

Na kori maginan da muciya. Simintinka kuwa an yi wa awaki wurin shan ruwa, suna godiya.

Amma ka ji gaskiya, ɗan nan. Bangon gabas ya tsage, hannuna na shiga ciki. Hadari ya fara haɗuwa. Waɗanda suka iya yaɓen makuba a unguwar nan saura tsofaffi biyu, ɗaya ba ya gani sosai. Sun ce za su nuna, amma ba za su hau tsani ba. Kawunka kuwa ya ce shi ba ya wasa da laka.

Na jiƙa makubar tun jiya. Ka zo ka hau, su koya maka daga ƙasa, ni in zauna a inuwa ina yi maka faɗa. In ba ka zo ba ni zan hau, kuma duk mai karanta wannan shaida ne.

Allah Ya jiƙan mai zauren, Ya tsare min kai, Ya kawo ka kafin ruwa.

Taka har kullum,
Iya Dije, Dungas.