Muryarka a cikin ordinatar

Zuwa ga ƙanena Isuhu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hadiza da yara. Yaya aiki, yaya baƙunta? Mu nan Malbaza sai godiya.

Ordinatar da ka aiko, wato kwamfutar, ta iso, Allah shi saka. Sai dai gaisuwar da ka ɗaukar wa Inna a ciki ta tayar mana da hankali. Muryarka tana fitowa a shaƙe, tana rawa. Inna ta saurara, ta ce, "Wagga ba muryar mai lahiya ba ta. Ɓoye mini kuke." Tun ranar ba ta cin abincin kirki.

Na ƙara sauti, na rage. Na ɓare ledar da na naɗe ordinatar da ita saboda ƙurar siminti. Na kai ta Konni aka jona mata lasifika. Waƙa ta fito tas, amma muryarka ba ta washe ba. Na gaji da ce wa Inna laifin inji ne, don ni ma yanzu ina shakka.

Ka kira wayar maƙwabcinmu ran Juma'a bayan masallaci, Inna ta ji ka da kanta. In kuwa ciwo ne, ni za ka fara gaya wa.

A sa mu a addu'a. Gai da mutanen gida.

Yayanka,
Mamman