Ɗinkin Sallar Yaya Zakiyya

Lahadi, 23 ga Fabrairu, 2025

Allah Ya yafe mini, Yaya Zakiyya ma ta yafe mini. Na san ba a rubuta maganar gida, kuma ni ce ƙarama. Amma Sista Cecilia, nas ɗin da ke duba Yaya a asibiti, ta ce a samu mai rubuta barcinta da cin abincinta kullum. Baba ya ce ba a gidansa ba. Ni kuwa ɗakinmu ɗaya da Yaya, ko ban so ba ina gani.

Sunan ciwon baifola. Sista ta ce ciwo ɗaya ne amma zuwa biyu yake yi. Wani lokaci ya kwantar da mutum, kamar daminar bara da Yaya ta yi wata huɗu ba ta ko son wanka, keken ɗinkinta a rufe da zani. Wani lokaci kuma ya ɗaga shi, barci ya ƙaurace, ya ji babu abin da zai gagare shi, kamar shekaran bara da ta taka daga Ƙofar Ran har Gwallameji a ƙafa wai neman filin makarantar ɗinki, aka ce iska ce. Abin da ya tsaya mini shi ne da Sista ta ce, "Na farkon kowa na gane shi. Na biyun ne ake yi wa barka."

Jiya barci awa takwas. Ta sha magani.

Asabar, 1 ga Maris

An ɗauki azumi. Dama Sista ta ce a kawo Yaya kafin azumi likita ya gyara mata lokacin shan magani. Ba a je ba. Baba ya ce ai ta samu sauƙi, kada a yi ta jan yarinya asibiti mutane na gani.

Laraba, 5 ga Maris

Yaya ta buɗe kekenta! Na dawo daga aike na ji ƙararsa tun daga zaure. Umma na dariya, hawaye na zuba. Barci awa biyar.

Lahadi, 9 ga Maris

Matan unguwa sun fara kawo ɗinkin Sallah. Na ƙirga atamfa goma sha tara a kan gadona. Yaya ta karɓi duka, ba ta mayar da ko ɗaya ba. Ta auna ni, ta ce, "Khairat, bana sai an tambayi 'yar gidan wa ce. Ki daina tafiya kina kallon ƙasa kamar kin yar da allura."

Na yi dariya sosai. Rabon da ta tsokane ni har na manta. Barci awa uku, bayan asuba.

Alhamis, 13 ga Maris

Na duba kwalbar magani. Yadda na gan ta ranar ɗaya ga azumi haka take. Na tambayi Yaya a hankali, ta ce da rana ai azumi take, da dare kuma maganin nauyin jiki yake sa ta, ga aiki a gabanta. "Ko ni ce kika ga na yi kama da mara lafiya?"

Ba ta yi kama ba. Matsalar ke nan.

Juma'a, 14 ga Maris

Na gaya wa Umma Yaya ba ta barci. Ta ce, "Wane tela ne ke barci ana saura sati biyu Sallah? Je ki leƙa shagon Ɗanlarai ki gani." Gaskiya ne, Ɗanlarai telan bakin layinmu ma ba ya barci. Amma shi idonsa ya yi ja, yana hamma, yana masifa da masu kaya. Yaya ko hamma ba ta yi.

Baba ya ce bayan Sallah zai yi sadaka ta godiya, Allah Ya ba 'yarsa lafiya. Ina zaune ina ɓare lemo, ban ce komai ba. A aji ma in malami ya kira sunana muryata ba ta fita, balle gaban Baba.

Kuma, in faɗi gaskiya tunda ba mai gani: ina son wannan Yayar. Ba na son waccan ta damina ta dawo.

Litinin, 17 ga Maris

Kwana biyu babu barci sam. Ta je kasuwar Muda Lawal ta dawo da a-daidaita-sahu cike da yadi, wai za ta ɗinka wa duk marayun Bauchi. Atamfa talatin da ɗaya, duk ta yanka, huɗu kawai ta gama. Tana fara wannan sai ta jefar ta ɗauki waccan. Magana kuma ba a iya shiga tsakani. Da Umma ta ce ta zo ta sha ruwa, ta daka mata tsawa. Yaya, ga Umma.

Talata, 18 ga Maris

Na yi.

Bayan la'asar Baba na zaure. Na durƙusa da littafin nan, sai kawai na buɗe na fara karanto awannin. Takwas, biyar, uku, babu, babu. Na ajiye kwalbar a gabansa.

Ya ce, "Ba na hana rubutun nan ba?"

Na ce, "Ka hana, Baba. Ka yi haƙuri. Amma ba sauƙi ta samu ba, ɗaya zuwan ne."

Ya daɗe yana juya kwalbar. Daga ciki muna jin keke bai tsaya ba. Sai ya ce, "Kira min nas ɗin nan."

Alhamis, 20 ga Maris

An kwantar da ita. A ƙofar asibiti ta kalle ni ta ce, "Munafuka." Sista Cecilia ta ce kada in riƙe, ciwon ne ke magana, kuma gara yanzu da sati mai zuwa. Likita ya karɓi littafin ya karanta, ni ina ta kallon takalmina. Ya ce ta ajiye azumi har ta daidaita. Baba ya tambayi limaminmu, ya ce mara lafiya ramawa yake yi.

Ni da Umma muka kai wa Ɗanlarai yankakkun atamfofi. Ya dafe kai ya ce, "Hajiya, kashe ni za ku yi?" Amma ya karɓi goma sha biyar.

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah. Na sa kayan bara. Mata biyu cikin waɗanda ba a gama ɗinkinsu ba, ba su amsa gaisuwar Umma ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Yaya ta dawo gida ranar Litinin. A hankali take komai. Ba ta dariya sosai, amma tana wanka, tana ci, barci awa bakwai. Likita ya ce maganin ba na sai an ji ciwo ba ne, na kullum ne, ko da lafiya lau take ji.

Yau a makaranta Mary, 'yar ajinmu, ta tambaye ni ko gaskiya ne yayata ta haukace. Da can da na ce zazzaɓi ne in sulale. Ban san yadda aka yi ba, na tsaya na yi mata bayanin zuwa biyun har aka kaɗa ƙararrawa. Ba wani abu ba ne, ita ce ta tambaya.

Da na dawo na tarar da rigata ta Sallah a kan gadona, an gama ta, har da aljihu. Littafin nan kuma yana ƙarƙashinta, ba inda na ɓoye shi ba. Ba ta ce mini komai ba har yanzu.

Yaya, tunda kin san wurinsa: na fara ban tambaye ki ba, ki yafe mini. Saura shafi tara. Zan bar shi a kan kekenki da biro a ciki. In kin yarda in ci gaba, ki rubuta barcin yau da hannunki, ni in ɗora daga gobe.